Rabon Albashin Farko

Malumfashi,
Lahadi, 7 ga Disamba.

Zuwa ga ƙanena Awaisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da kafaɗar nan taka da ka ce ta daina ciwo, ni kuwa ban yarda ba. Allah ya tsare mana kai a ƙasar da ba ka da uwa ba ka da uba, ya ba ka sa'ar karatu. Mu nan lafiya, alhamdu lillahi. Fiddausi ta sauka, an samu mace, mai jego da jaririya suna nan kalau. Zakiyya ta shiga aji uku, bakin nan sai abin da ya ƙaru. Inna tana nan wurina, za ka ji dalili. Damina ta yi albarka, an cire masara an killace, saura dawa da ke tsaye a gonar bayan gari. Da hannu na rubuta, hotonta zan turo maka, don in a waya ne za ka katse ni da dariyar nan taka, maganar kuwa ba ta dariya ba ce. Ka karanta har ƙarshe kafin ka kira kowa, musamman Baba.

Shekara uku ke nan da jami'ar ta ɗauke ka ka riƙa buga mata ƙwallon nan naku mai kama da gwanda, ita kuma ta ba ka karatu da ci da makwanci. Lokacin ba wanda ya damu da kai a nan, sai tsokana, wai ɗan Malam Maiwada ya tafi Amurka kokawa da hular kwano. Ranar da ka kira ka ce doka ta canja, yanzu jami'o'i na biyan ɗalibai 'yan wasa, har guɗa na yi a tsakar gida. Amma labarin da ka riƙa ba ni daga baya bai kwanta mini ba. Kai da bakinka ka ce cikin waɗanda kuka fara tare, goma sha huɗu sun watse, kowa ya bi inda aka fi tayi. Ka ce kocinku ya koma kamar dillalin shanu a kara, ya lallashi wannan ya taya wancan. Ka ce in kun taru ba a zancen jarrabawa ko wasan Asabar, sai nawa aka ba wane, har mutum ya ɓoye rauninsa don kada farashinsa ya faɗi. Na ce to wannan ai kasuwa ce ba makaranta ba, ka ce Yaya ba za ki gane ba. To na gane yanzu, don kasuwar taku ta ci har ƙofar gidanmu.

Kai dai ka yi abin da ɗan halak ke yi, ka turo wa Baba albashinka na farko cif. Shi kuma ya yi abin da aka saba, wanda aka yi da nawa da na fara koyarwa: albashin farko ba a cin sa, raba shi ake yi wa dangi da dattawa su sa albarka. Sai dai nawa a goro da sabulu ya ƙare. Naka kuwa, Baba ya zura babbar rigarsa, ya hau bayan mashin, ya bi gida gida daga ƙauyenmu har Gozaki har Ƙarfi, kwana huɗu yana yi. Ko'ina ya zauna sai ya faɗi daga inda abin ya fito, don a cewarsa albarka ba ta samun wanda ba a ambaci sunansa ba. Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Ni na zuba a ambulan, ni na rubuta sunaye, ni na kai na matan cikin gida ina ta washe baki. Wallahi ko sau ɗaya ban tuna a wane zamani muke ba!

Daga nan samarin gidan kallon ƙwallo na bakin tasha suka nemo sunanka a waya, suka tarar da wani shafi da ke sa hoton kowane ɗan wasa da farashin da wai ya kai. Suka juya shi zuwa naira, suka riƙe baki. Na san ka ce ƙiyasi ne kawai, ko rubu'insa ba ka gani ba, to amma wa zai tsaya ya ji? Ranar Larabar makon jiya, Malam Isaiah, maƙwabcin gonar Baba, ya taka har makarantarmu ya sa aka fito da ni daga aji. Ya ce wasu baƙin fuska biyu a kan mashin sun tare shi suna tambayar wacce ce gonar baban ɗan ƙwallo, kuma da wane lokaci yake zuwa. Ya nuna musu wani wajen daban, Allah ya saka masa. Ranar Juma'a aka kira wayar Baba da lambar da bai sani ba. Mai maganar ya tambayi lafiyar dawa, ya ce a gaida yaro na Amurka, ya kashe. Ba sai na fassara maka ba. Ka san yadda aka yi da Alhaji Maitama bara, wata biyu a daji, ya dawo ba ya iya tsayuwa.

Ni da Baban Zakiyya muka ɗauki mota muka je ƙauye kwaso Inna da Baba. Inna ta ɗaure kayanta ba musu. Baba kuwa ya kafe, ya ce tun da ya fara riƙe fartanya bai taɓa barin hatsi a tsaye ya kwana a wani gari ba, sai an yanke dawa an sussuke an zuba a rumbu. Na yi kuka, na yi faɗa, na haɗa shi da Allah, ya ce abin da ya ba ka tsoro wata rana shi zai ba ka tausayi. Haba! Kamar ana magana da dutse. Ka san halinsa, kai ma shi ka biyo.

Yanzu ga abin da na yi, ka yafe mini in za ka iya. Baba ba ya ƙarya, kuma magana ba ta kwana a cikinsa. Na ga in ana so gari ya yarda ba mu da komai, dole sai shi ya fara yarda. Ranar Litinin na koma na zauna gabansa, na ce masa kafaɗarka ta ƙi, makaranta ta sallame ka daga ƙwallo, an yanke albashin, abinci ma da ƙyar. Ban ƙirƙiro komai ba, abin da ka ce yana samun abokanka na faɗa. Ya yi salati. Da la'asar ya tashi a masallaci ya roƙi a sa ka cikin addu'a. Kafin ranar kasuwa ba wanda bai ji ba, har waɗanda suka karɓi ambulan suna zuwa jaje. Yau kwana shida ba a sake kira ba, ba a kuma sake ganin mashin ɗin ba. Ban ce sun haƙura ba, amma na ɗan samu na numfasa.

Ga roƙona, kuma na san nauyinsa. Ka ce wata babbar jami'a ta aiko maka da tayin ka koma wurinta, tana jiran amsa. Ka ce in ka sa hannu za su baza hotonka da sabuwar riga, wasanninsu kuma har a talabijin ake nunawa. Awaisu, ranar da hoton nan ya fita, kafin azahar ya iso bakin tasha, ƙaryata ta tonu, Baba kuma yana cikin dawa shi kaɗai da lauje. Kada ka sa hannu sai na kira ka na ce ya shigo gidana. Mako uku nake nema, Baban Zakiyya ya riga ya ɗauki 'yan ƙwadago don a gaggauta. Kada ka ɗora komai a waya, ko hoton atisaye. Na san ba za su jira ka ba, a kasuwarku in ka yi jinkiri wani ake ɗauka. Na san kuma shekara uku kana ba da jikinka ana dakawa don irin wannan rana. In ta wuce ka, ni na jawo, ka riƙe ni da ita har ƙarshen rayuwata, na yarda. Amma uba ɗaya gare mu.

Inna tana gaishe ka, ita ta san gaskiyar magana, bakinta kuma a rufe yake. Fiddausi da Gwaggo Hajo suna gaisuwa, Baban Zakiyya ma haka, Zakiyya ta ce kada ka manta da ita. Ka gaida Adam abokin ɗakinka. Baba ma yana gaishe ka. Jiya ya kai ɗaya daga cikin shanun huɗarsa kasuwa ba tare da ya shawarci kowa ba, ya ba Malam Isaiah kuɗin a ƙulle ya kawo mini in tura maka ka ci abinci. Ya ce in gaya maka faɗuwa ba abin kunya ba ce ga namiji, in abin ya gagara ka taho gida, gona na nan. Ƙullin yana cikin akwatina, na kasa buɗewa. In ka kira shi, don Allah ka yi masa godiya, ka ce kuɗin sun iso gare ka.

Ni ce yayarka,
Shafa'atu Maiwada