Ruwan da Inna Ta Zuba a Bayana

Belgrade, 3 ga Afrilu

Yaya Stanija,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya yara? Mu nan lafiya lau.

Bayan haka, ƙarshen watan nan zan ajiye kaki, bayan shekara arba'in da ɗaya. Za a yi fareti a buga badujala, amma ni hankalina yana ƙofar gidanmu. Kin tuna ranar da zan tafi makarantar soja, Inna ta watsa kwanon ruwa a bayana don hanya ta yi mini sauƙi, har ta jiƙa mini sabon wando, kina ta dariya? Tun ina laftana har na kai janar, ban taɓa barin ƙauye ba ta zuba ruwan nan ba.

Na san abin da ke ranki. Ranar da aka binne Inna ina bakin kogin Sava da sojojina, muna tsamo mutane daga ambaliya. Da na iso bayan kwana huɗu kika ce, "Janar, ai ka makara." Da zan koma na tsaya a ƙofa ina jira, ba wanda ya fito da kwano. Shekara tara ke nan ba mu yi magana ba, kuma abin yana cina.

Ina so in dawo gida. In kin ce a'a, ba zan zo ba.

Ƙaninki,
Radivoje

Belgrade, 21 ga Afrilu

Yaya Stanija,

Ina gaishe ki da kyau. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

Saƙonki ya iso, kwalbar slatko, 'ya'yan itacen nan da Inna take dafawa da sukari don tarar baƙo, a ba shi cokali ɗaya da kofin ruwa, da 'yar takarda: "Cokali ɗaya za ka sha, sarkin kwaɗayi, sauran na baƙi ne." Matata Ljubinka ta same ni ina share hawaye, ta ce, "Oho, yau janar ya sha kaye a hannun kwalba."

Ina tafe ranar Asabar ta bayan faretin a motar safe, ba kaki ba rakiya. Ki tanadi ruwan, Yaya, amma a kofi, kusa da cokalin. Na gama tafiya, wannan karon sha zan yi.

Ƙaninki mai kwaɗayi,
Radivoje