Taku Arba'in da Ɗaya

Anka, ranar Litinin.

Zuwa ga ɗana Halilu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da Innarka Saude. Ni yau da sauƙi, na sha kunu ya zauna, sai dai ƙafafun sun ƙara kumbura. Kunnena ba ya jin waya, shi ya sa na ba Muttaka direba wannan takarda.

Masu haƙar zinariya sun shiga gonakin ƙauyenmu. An ce ramukansu sun kusa kukar nan ta bakin rafi. Halilu, can mahaifinka yake kwance. Mu uku muka rufe shi ranar da 'yan bindiga suka tashe mu, kana Gummi hanya a rufe. Liman Shafi'u ya rasu bara, Faruku kuwa ba a san inda yake ba. Saura ni. Fasasshiyar tukunyar da muka kafa a kansa ba za ta kai damina uku ba. Masu haƙar nan Musulmi ne, in sun ga kabari kewaye da duwatsu ba za su taɓa ba. Yanzu ciyawa kawai za su gani.

Tun muna elementare nake tare da mahaifinka, Saje Makau. Ya dawo daga Yaƙin Basasa da guntun ƙarfe a cinya, bai cika zancen yaƙin ba. Sau ɗaya ya ce mini abin da ke hana shi sukuni shi ne abokansa da ya binne a daji, bai iya gaya wa iyayensu wurin ba. Tun daga nan komai sai ya ƙirga. Ka tuna ba a buɗe akushi a gidanku sai ya kira sunan kowa ya amsa, ƙanwarka Naja'atu na kan wuyansa tana ja masa kunne. Ranar gudun ma haka ya tsaya bakin rafi yana ƙirga mu har kowa ya haye. Sannan ya zauna gindin kuka, ya dafe ƙirji, bai sake tashi ba.

Ka zo ran Juma'a da safe, a ɗora ni a babur in nuna maka.

Naka,
Baba Nababa.

Anka, ranar Juma'a.

Ɗana Halilu,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka, yau tambayar ba ta al'ada ba ce. Ni na kwana da zazzaɓi, ko masallaci ban iya zuwa ba.

Muttaka ya ce ka karanta, ka ce kana tafe. Tun hantsi nake zaune a zaure. Da azahar aka ce an tare wata mota tsakanin Bukkuyum da nan, an shiga daji da mutane, ba a san ko su wa ba ne. Na sa maƙwabcina ya kira lambarka sau huɗu, ba ta shiga. Ni na kira ka kan wannan hanya. Da Saje yana raye da ya yi mini faɗa, don bai taɓa yarda a saka mai rai a haɗari saboda mamaci ba.

Abin da ya kamata in rubuta tun Litinin ke nan, son ganinka ne ya hana ni. Ka jingina bayanka da kukar, ka fuskanci alƙibla, ka yi taku arba'in da ɗaya. Na ƙirga kamar yadda ya koya mini. Amma takun tsoho ne da ke ɗauke da gawa, sai ka rage naka.

In takardar nan ta sami Innarka kafin kai, Saude ki yafe mini, ki adana ta.

Ga shi an kira la'asar. Furar da na sa aka dama maka tana nan a rufe. Ba ka zo ba.

Naka,
Baba Nababa.