Iskar da Ta Shiga Motata

Laraba, bayan isha'i

Mota tana kwance a garejin Lawan, gyaɗar mutanen ƙauyen Turawa kuma tana jibge a zaure, ba mai kai ta Rogo.

Jiya da motar ta fara shaƙewa tana mutuwa a hanya, Lawan ya sassauta nozul, wato bakin da ke fesa wa inji mai, ya yi ta buga famfon mai har kumfa ta daina fitowa. Ya ce ba komai, iska ce ta shiga layin mai. Da Inna ta tambaye ni, haka na faɗa mata: iska ce ta shige ta. Na ji ta yi salati, ban kula ba.

Yau ko gari ban fita ba ta mutu murus. Lawan ya tsiyaye filta a gwangwani, sai ga ruwa baƙi-baƙi kwance ƙarƙashin gas ɗin. Ya ce famfon ya sha ruwa, ya tashi aiki, sai dai sabo. Ina zan samo sabo? Wuni na yi ina tsine wa 'yan bumburutun da suka sayar mini da mai.

Da magariba Inna ta kawo mini tuwo da kanta, fuskarta a sake. Ta ce, "Auwalu, kwantar da hankalinka. Na karɓo rubutu wurin Malam, da asuba na juye mata kwano guda a tanki. Iskar nan ba za ta sake kwana ba."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Inna."

Ta amsa da amin, ta fita tana murna. Tuwon yana nan, ya huce.