Ranar da Nake Haɗiya

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikinki? Ya Jabiru da aikin gona a Dabai?

Ni lafiya lau, sai gajiya, sugan nan kuma ya ƙi sauka. Likita ta ce bitamin D ya yi mini ƙaranci, wanda jiki ke samu daga rana, wai rashinsa na iya dagula suga. A Glasgow da duhu nake shiga aiki, da duhu nake fitowa. Ni da kike kira Ɗan Inuwa saboda gudun noma, yau rana nake haɗiya a ƙwaya.

Ke ma kar ki bar maganinki. Gobe in kin fito shan hantsi, ki ɗan daɗe, ki sha har da rabona.

Ɗanki,
Kamalu