Layi Ɗaya a Shafi na Sha Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

Na gama rubuta bayanin zaman jibi. Sunayen mahalarta kawai na bari. Shekara talatin da ɗaya ina marubucin majalisar jami'ar nan, kuma tun a shekara ta uku na gane ba sai na jira an zauna ba. Na san wanda zai yi tari, na san wanda zai ce "kamar yadda mai girma Shugaba ya faɗa", na san inda za a ƙare: *Majalisa ta amince baki ɗaya.* Sau biyu kacal na taɓa gyara wani abu bayan zama, ɗaya ma mutuwa aka yi.

Batu na bakwai shi ne korar ɗalibin nan mai neman digirin dakta. An gano alƙaluman ƙarya a binciken maganin da suka wallafa shi da malaminsa, Farfesa Talotalo. Lokacin da ake tafi, sunan Talotalo ne a gaba. Yanzu da abu ya yi wari, an tuna ashe akwai ɗalibi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Na rubuta an kore shi. Baki ɗaya.

Talata, 4 ga Maris

Ɗalibin ya kwana biyu yana zama a bencin ƙofar ofishina, da kwali a cinya. Ba yaro ba ne, furfura ta fara taɓa shi, 'ya'yansa uku. Shekara bakwai yana wannan aiki. Ya ce littattafan ɗakin gwajinsa ne a kwalin, goma sha ɗaya, kowane shafi da kwanan wata, kuma alƙaluman da ke ciki ba su ne aka buga ba. Kwamitin bincike ya ƙi karɓa, wai sun iso bayan wa'adi. Da kwana ɗaya.

"Baba, ko buɗewa a yi."

Na ce masa ni alƙalami ne, ba alƙali ba. Ya ce ya gode. Gode me?

Laraba, 5 ga Maris

An zauna. Mutum arba'in da biyu, digirin da ke ɗakin ya isa a shimfiɗa wa doguwar hanya, amma minti hamsin aka kashe kan wa zai ajiye mota a inuwar bishiyar da ke gaban ginin majalisa. Wani masanin taurari har da buga tebur.

Batu na bakwai, minti huɗu. Talotalo ya miƙe ya baza fuka-fukai, ya ce zuciyarsa ta karye, ɗa ya ɗauki yaron nan. Har ya ciro hankici. Na duba hankicin, a bushe ya koma aljihu. Shugaba ya ce, "Akwai mai ja? Babu. Batu na takwas." A numfashi ɗaya, idonsa a kan agogo, masu shayi kuma sun riga sun turo ƙofa da farantai.

A nan ne ta kusa da ni ta yi magana. Malamar nan mai wakiltar ƙananan malamai, wadda nake kira Bushiya don kullum a dunƙule take a ƙarshen tebur. Ta ce, "Ban yarda ba." Murya kamar ta mai neman aron allura. Ƙarar kofuna ta haɗiye ta. Ni kaɗai na ji, sai Mataimakin Shugaba, Hawainiya, da na ga idonsa ɗaya ya juyo.

Idan za ki ƙi, ki ƙi da ƙarfi mana. Wannan ai tsoro ne ya yafa mayafin jarumta.

Alhamis, 6 ga Maris

Gwiwa ta hana ni sakat. Na manta maganin a mota.

Juma'a, 7 ga Maris

Hawainiya ya leƙo ofishina da kansa. Shekara shida bai san ƙofar ba. Ya yi wa shugabanni huɗu aiki, kowanne ya tafi ya bar shi da sabon launi. Ya tambayi gwiwata, ya tambayi iyali, ya ce ai bai kamata a bar gogagge irina ya yi ritaya a watan Yuli ba, ana duba ƙara mini shekara biyu, in ci gaba da zama a gidan ma'aikata.

Sai da ya kama hannun ƙofa ya ce, "Malam, abin da Shugaba bai ji ba, ai ba a faɗa ba. Ko ba haka ba?"

Na ce kunnena ya tsufa, ranka ya daɗe. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ya san abin da yake tsoro. Doka ta arba'in da ɗaya: idan ko mutum ɗaya ya ƙi amincewa da korar ɗalibi, aka kuma rubuta ƙin nasa a bayanin zama, hukunci ba ya tabbata sai masana daga wasu jami'o'i sun duba hujjoji. Duka hujjoji, har da na cikin kwali. Ni na buga dokar da hannuna a tsohon tafireta, zamanin da Hawainiya ke yawo da gajeren wando. Ba a taɓa amfani da ita ba. Ban ɗauka akwai wanda ya san da ita ba bayan ni da kyankyasan ɗakin ajiya.

Lahadi, 9 ga Maris

Na ba matata labarin ƙarin shekara biyu. Ta yi murna, don ba ta son barin lambun da ta yi a bayan gida. Sai bakina ya zarce na ba ta sauran. Ta ajiye abin da take yi.

"To kai me ka ji?"

Na ce ba a biyana don in ji.

"Au. Ashe shekara talatin kurma nake aure, nake ta ɓata yawuna."

Ta koma kan aikinta. Gara ta yi faɗa.

Na tuna tatsuniyar kakata ta kotun tsuntsaye, inda shaho ya kai ƙarar ɗan tsako wai ya ci masa ƙwai. Duk tsuntsaye suka ce haka ne. Muna yara mukan tambaye ta, to wa ya rubuta? Sai ta ce ai tsuntsaye ba su da marubuci, shi ya sa har yau shaho ke da gaskiya. Allah ya jiƙanta, ba ta san ko da marubucin haka za a yi ba.

Talata, 11 ga Maris

Mai kwali yana nan. Masu shara sun fara zagaye shi kamar tukunyar fure. An rufe masa ɗakin gwaji, an karɓe katinsa na laburare. Yau Talotalo ya wuce ta gabansa da baƙi daga waje yana nuna musu hotunan tsofaffin shugabanni a bango. Ya nuna hoto na dama, ya tsallake mutum, ya nuna na hagu.

Ban taɓa ganin wuya mai iya haka ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Bushiya ta zo. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza jakarta.

"Baba, ranar nan... ka ji ni?"

Na ce mutum arba'in ba su ji ba, sai ni mai kunne ɗaya da rabi? Ta ce ta ga littattafan da idonta, ta kwana uku tana bin su shafi-shafi. Na ce to me ya hana ki miƙewa tsaye? Ta ce ƙafafunta ne suka ƙi. Takardunta na ƙarin girma suna teburin Talotalo, shi ne shugaban kwamitin.

Na ce mata ta je ta shafa wa gemunta ruwa. Ta ce ba ta da gemu, Baba. Na kusa dariya, na danne.

Duk ɗaya suke. Manya su ci, ƙanana su yi raɗa, sannan a zo a ɗora wa tsoho.

Litinin, 17 ga Maris

Na buɗe bayanin don in cike sunaye. *Baki ɗaya* na nan a shafi na sha huɗu inda na ajiye shi tun kafin zama. Na kalle shi ya kalle ni. Na rufe na tafi shan shayi.

Laraba, 19 ga Maris

Ban san abin da ya kai ni ba. Hanyar asibitin ma'aikata ce ta bi ta sashen su Bushiya, ni kuwa gwiwa. Na same ta tana duba takardun jarrabawa a wani ɗaki da bai fi kejin kaji ba, su uku a ciki. Na kira ta waje.

Na ce, "'Yata, tambaya ɗaya, kuma ba na son raɗa. Kin faɗa ko ba ki faɗa ba? In kin ce ba ki faɗa ba, shi ke nan, babu mai jin wannan magana har kabarina. In kin faɗa, sunanki zai fito da baƙin tawada, Talotalo zai karanta."

Har na fara juyawa.

"Na faɗa."

Na ce ban ji ba.

"Na faɗa, Baba!"

Har wani mai wucewa ya waiwayo. To. Ashe akwai murya a ciki.

Alhamis, 20 ga Maris

*Majalisa ta amince, in ban da wakiliyar ƙananan malamai da ta ce ba ta yarda ba.*

Ba wani abu na yi ba. An faɗa, na rubuta. Aikin ke nan a takardar da aka ɗauke ni da ita, in ban manta ba.

Litinin, 24 ga Maris

Na kai wa Hawainiya bayanin ya duba kafin a raba, kamar yadda aka saba. Na miƙa masa duka shafi ashirin da biyu, ban ɓoye ko ɗaya ba, Allah shaida. Ya duba shafin farko, ya ga an rage harafi ɗaya a jerin digirorinsa, ya yi mini wa'azin minti goma kan kula da aiki. Ya juya shafin ƙarshe ya sa hannu.

"Komai daidai, Malam?"

Na ce komai yadda aka faɗa, ranka ya daɗe.

An raba wa mutum arba'in da biyu, kowa da ambulan ɗinsa. Kwana tara zai yi a hannunsu kafin zama na gaba. Tuni mutum uku suka bugo waya: biyu kan muƙamansu, ɗaya kan inuwar mota.

Laraba, 2 ga Afrilu

Shugaba ya ce, "Bayanin zaman da ya wuce. An karanta?" Ɗaki ya amsa, "An karanta." Wasu ambulan ɗinsu ko yagewa ba a yi ba. Aka nemi mai goyon baya, Talotalo da kansa ya ɗaga hannu, don yana son a ga agogonsa. Shugaba ya sa hannu. Ya zama doka.

Sai Bushiya ta miƙe. Tsaye. Ta karanta shafi na sha huɗu, ta karanta doka ta arba'in da ɗaya, ta tambaya yaushe za a aika wa masanan waje littattafan.

Ban taɓa jin ƙarar takarda irin ta yau ba. Farfesoshi arba'in suna neman shafi na sha huɗu kamar masu neman kuɗinsu da ya faɗi a kasuwa. Talotalo ya ce kuskuren bugu ne. Lauyan jami'a, wanda na ɗauka barci yake, ya ce, "Kai ka goyi bayansa yanzun nan, Farfesa." Shugaba ya kalli Hawainiya. Hawainiya ya nemi launin da zai saka ya rasa, sai ya kalle ni.

Ni kuwa ina rubutu. Yau kam hannuna ya gaji, rabon da in yi rubutu a cikin zama har na manta.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Wasiƙa ta zo. Jami'a na godiya da doguwar hidimata, ritaya na nan a Yuli, a bar gida kafin ƙarshen Agusta. Layi huɗu, kuskure biyu. Da ni na rubuta da ta fi haka kyau.

An ɗage duba ƙarin girman Bushiya "sai wani lokaci". Ta sani tun kafin ta miƙe.

Matata ta karanta wasiƙar, ta fita lambu ta daɗe. Da ta dawo ta ce tumatir ai ko a tukunya yana yi. Sannan ta zuba mini shayi ta sa sukari cokali biyu, alhali likita ya hana, ita ce kuma mai tsaron dokar.

Talata, 15 ga Afrilu

Benci ba kowa. An karɓi kwalin jiya, ni na buga masa hatimi na ƙirga, goma sha ɗaya cif. Ko masanan za su wanke ɗalibin, ban sani ba, su ma farfesoshi ne. Ya tsaya zai yi dogon jawabi na ce ya tafi, ina da aiki. Ban yi don shi ba. Ban ma san don wa na yi ba. Tsufa ne, ina ji.

Gobe akwai zama. Na buɗe inji da safe zan rubuta bayaninsa kamar kullum, na sa kwanan wata, na tsaya.

Ba wai ina zaton za su faɗi abin kirki ba. Amma bari in je in ji tukuna.