Modem Ɗin da Ya Ƙi Mantuwa

Whalley Range, Manchester
Litinin

Uwargida Kubura,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya mai jego Khairat, yaya fama da ruwan zafi? Ki shafa min kan amaryata Nana A'isha, ki faɗa mata angonta yana nan yana wahala ita tana Birmingham tana barci. Ki gai da surukina Ubaidullah.

Za ki ce me ya hana ni faɗa miki a waya. Ke kika hana. Duk kiran da na yi sai ki buɗe sifika, kuma ba zan yarda surukina ya ji cewa ɗan akwatin roba ya kai ni ƙasa ba.

Rautarmu, akwatin nan mai raba intanet a gida, ta mutu ranar Asabar, ba jinya ba wasiyya. Na sayo sabuwa mai ƙaho huɗu kamar ragon da aka yi wa asiri. Na ɗauki wayar nan da ke fitowa daga bayan kabad ɗin kwanukanki, inda modem, na'urar da ke shigo mana da intanet, yake ɓoye shekara da shekaru, na cusa ta a ramin da takarda ta ce. Fitilar da ya kamata ta yi kore ta tsaya ruwan goro. Wayata tana ganin rautar, kwamfuta tana ganinta, har suna gaisawa, amma intanet ko ƙyallinsa.

Ga abin da ya hana ni dariya. Ranar Alhamis ƙarfe goma zan yi tafinta ta bidiyo a kotun masu neman mafaka, wa wata baiwar Allah 'yar Maraɗi wadda ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Sau biyu ana ɗage shari'arta don rashin mai fassara. In ban bayyana ba za ta ƙara jiran watanni, ni kuma kamfanin tafintan ya share sunana. Aikin sirri ne, ba a yin sa a laburare ko gidan shayi. Kin kuma san bangon flat ɗin nan: sai na leƙa kai ta tagar kicin nake samun ɗigon sabis ɗaya a waya. Ba na jin alƙali zai so ganin rabin fuskata da kwandon shara.

Na kira kamfanin intanet. Minti arba'in suna sa min kiɗa suna rantsuwa cewa ina da muhimmanci a wurinsu. Daga ƙarshe wata Chloe ta ɗauka. Ta yi min bayani, a hankali kamar mai lallashin tsoho ya sha magani, cewa modem yana riƙe na'urar farko da ya sani. Sai an yanke masa wuta na minti biyar yake mance tsohuwar rauta ya karɓi sabuwa. Na ce ashe har na'ura ma tana takaba. Ba ta gane ba. Na kashe soket ɗin gefen kabad, na ƙirga minti biyar, na kunna. Ruwan goro.

Kamar wannan bai isa ba, ƙararrawar hayaƙi ta zaɓi yau ta fara ƙit, ƙit. Na sake mata batir.

Na ci miyar kukar da kika bari a firiza. Saura roba uku.

Naki,
Sunusi

Whalley Range
Talata

Uwargida,

Ina gaisuwa. Da fatan kun tashi lafiya, kuma amarya ta bar ku kun runtsa.

Yau na san ƙarshen wulaƙanci. Na sake kira, aka sake sa min kiɗan, Allah ya sake haɗa ni da Chloe. Ta duba allonta ta ce min: "Mista Sunusi, modem ɗinka bai mutu ko sau ɗaya ba cikin kwana dubu da wani abu." Wato ni, mai furfura, mai jika, wanda ya karanta littattafan da suka fi ta nauyi, ƙarya nake yi a kan soket. Na kashe shi tana kan layi, na kara wayar don ta ji ƙarar makunnin da kunnenta. Ta ce ita dai a wurinta yana raye. Ta ba ni ma'aikaci ranar Litinin mai zuwa, tsakanin takwas na safe da shida na yamma. Ko mai jiran ganin wata an fi tausaya masa.

Na kira Injiniya Bara'u daga Old Trafford. Na manta cewa injiniyan gadoji ne. Ya zo da jaka, ya sha shayi kofi biyu, ya juya rautar ya karanta gindinta, ya ce ta jabu ce. Ya tsikari ramin bayanta da tsinken sakace har sau uku. Ya sake wayar haɗi, ya haɗa kwamfuta kai tsaye ba tare da rauta ba, shiru. Sai ya koma siyasa: wai da gangan suke yi don mu sayi tasu rautar. Da na ce mu ja kabad mu ga modem ɗin da idonmu, sai ya tuna likitansa ya hana shi ɗaga abu mai nauyi. Ni ma, gaskiya, na tuna gargaɗinki cewa wanda ya taɓa kwanukan nan ya nemi wani gidan.

Ya tafi ya bar min shawara ɗaya: in yi addu'a. Wannan kam ban buƙaci digirinsa ba.

Ƙararrawar hayaƙin ma ba ta daddara ba. Abin takaici, ba ta kuka sai na kashe soket ina ƙirga mintuna, kamar mai yi min dariya. Na cire ta gaba ɗaya na sa a aljihun tebur, amma wallahi ina jin ƙit ɗin. Ko kunnena ne ya fara tafiya.

Kubura, ba rautar ke damuna ba. Matar nan nake tunani. Za ta yi wanka, ta sa mayafinta mai kyau, ta zauna gaban mutanen da ke magana a kanta kamar a kan kaya, ta jira bakin da zai faɗi nata, a ce mata bakin ya kasa kunna akwati.

Naki cikin ƙosawa,
Sunusi

Whalley Range
Alhamis da yamma

Ranki ya daɗe,

Gaisuwa irin ta wanda aka kayar. Ina fata kowa lafiya.

Kiranki na jiya bai kai minti biyu ba, kuma na ji Ubaidullah yana tari irin na mai danne dariya, don haka na san sifika a buɗe take. Tambayarki ɗaya har yanzu tana min zafi: "Malam, ka manta akwatin batirin da ka sayo a kasuwar Gorton?"

Na manta. Shekara huɗu ke nan. Na dawo daga Kano da ciwon ɗauke wuta a raina, na rantse ba za a yanke min aiki a tsakiyar magana ba. Kika ce min nan ba Gwammaja ba ce. Na ce miki mai hankali ba ya yarda da wutar gwamnati ko ta wace ƙasa. Da hannuna na haɗa modem da shi, na tura su bayan kabad, na yi alfahari mako guda.

Na kwashe kwanukanki ɗaya bayan ɗaya na jera a kan gado, har da farantan da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba tun aurenmu. Na ja kabad. Ga shi nan, baƙi, ƙura ta lulluɓe shi. Na kashe soket, sai ya ce ƙit, modem kuwa fitilunsa tar kamar gidan biki. Shekara huɗu bawan Allah yana jiran a ɗauke wuta a Manchester ba a ɗauke ba. Da ni na ɗauke, sai ya tashi ya yi aikinsa. Sau goma sha ɗaya ina kashewa, sau goma sha ɗaya yana ceton modem daga hannuna, yana kuma faɗa min, ni ina zagin ƙararrawar hayaƙi.

Na zare wayar wuta daga jikin modem ɗin kansa. Minti biyar. Na mayar. Kore.

An yi zaman yau. Ba zan faɗi abin da aka ce ba, amanar aiki ce. Abin da zan iya faɗa shi ne, da na yi wa matar nan 'yar Maraɗi sallama na tambaye ta gajiya, sai ta rufe fuska da mayafi, alƙali ya ba ta minti biyu. Daga nan ta yi magana awa ɗaya da rabi, ban bar kalma ɗaya ta faɗi ƙasa ba.

Ina jin haushin kaina, kuma Chloe ta cancanci ban haƙuri, amma ba zan sake sauraron kiɗan nan ba ko don aljannar duniya. Bara'u ya ce dama ya yi zargin haka.

Murfin kwanon miya ɗaya ya ɗan tsage a gefe. Na juya shi yana kallon bango. Gara ki ji daga bakina.

Akwatin batirin kuwa, na goge shi na mayar da shi inda yake, na sake haɗa modem da shi. Kada ki ce komai. Ba a san ranar da za su ɗauke ba.

Mijinki,
Sunusi