Rinin da Baba Ya Ƙi Sha

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu dai ga mu a asibiti, yau kwana tara.

An ɗaga aikin Baba, don ya ƙi shan maganin. Wani ruwa ne da ake sha kafin tiyata. Likita ta ce ƙarin da ke ƙwaƙwalwarsa zai shanye shi, in an haska shuɗiyar fitila sai ya yi ja yana ƙyalli, ta ga inda za ta yanka. Kuskurenta ɗaya, ta kira shi rini, a gaban mutumin da ya shekara arba'in a marina! Wai rini ba ya zaɓe, kansa duka zai rine, su kwashe har da hankalinsa. Har faratansa da rini ya kama ya nuna mata.

Na yi lallashi, na yi kuka, kamar ina magana da bango. Kai kuma kullum saƙonka a yi haƙuri da shi. Haƙuri ta waya ai ba wuya. Jiya Baba ya nemi sunan cokali ya rasa, Yaya. Wallahi na gaji.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin ƙaramin naka? An yi aikin.

Umma ce ta yi maganinsa. Ta je gida ta ɗauko rigar nan da ta taɓa ba shi kunya, wadda tela ya ɗinka da zaren roba: da ya rina ta, yadin ya sha shuɗi, ɗinkin ya fito fari fat. Ta shimfiɗa masa a cinya. Ya daɗe yana shafa ɗinkin, sannan ya miƙa hannu a ba shi kofin. Ni da na yi sati ina zuba surutu, ko kallo ban samu ba.

Yanzu yana ɗaki labule a sauke, don maganin ba ya son haske. Likita ta cire kusan duka. Saura ɗan gefe da ke ƙyalli daf da inda magana take, ta ce in ta taɓa shi ba zai ƙara magana ba, sai ta bari. Ciwon zai iya dawowa ta nan, ba ta ɓoye mana ba.

Da ya farka sau uku yana tambayarka, kuma bai manta sunanka ba. Kada ka sake turo mini haƙuri. An bar masa ciwo don a bar masa baki, ka zo ka ji shi.

Umma na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta